Yadda muka sauke tsohon rufin asbesto a gidanmu na Runjin Sambo

Gidanmu ginin ƙarshen shekarun 1970 ne, lokacin da ma'aikata ke fita daga cikin gari suna yanka filaye a sababbin unguwannin Sakkwato. Marigayi Baba ya rufe babban sashe da kwano, amma kicin, gareji da ɗakunan baya duk asbesto ya sa musu, irin mai kaurin nan mai tudu da kwari. Silin gidan kuma gaba ɗaya fallayen asbesto ne masu kusurwa huɗu, an danne gaɓoɓinsu da siraran katako. A wancan zamani wannan shi ne rufin wanda ya san abin da yake yi. Ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, wuta ba ta kama shi, in ana ruwa ba ya cika wa mutum kunne, uwa uba a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, ɗakin asbesto ya fi na kwano sanyi nesa ba kusa ba. Shekara da shekaru ɗakin baya Inna ke zaɓa ta yi ƙailula a watan Afrilu.

Iskar ruwan farko ta bara ce ta karyo reshen dogon yaro ta maka a kan kicin. Fallaye da dama suka dare, wasu suka rufta ciki, ruwa ya bi ta wurin ya jiƙa silin ɗakunan baya har ya yi ciki ya fara zubo gari. Na kira kafintan da ya saba yi mana aiki, dattijo mai hannu, ya zagaya ya duba ya ce abu mai sauƙi ne: yara su hau da guduma su farfashe, a tara da shebur, a share, kafin la'asar an buga sabon kwano. Da daddare na tura hotunan wa ɗan kawuna, injiniya ne da ya daɗe yana aiki da kamfanonin gine-gine a Kudu, don ya ba ni ƙiyasin kwanon da zai isa. Maimakon ƙiyasi sai ga kiransa. "Yaya, don Allah kar kowa ya sa guduma a rufin nan. A kulle kicin ɗin, kar a share, kar yara su shiga. Ina nan tafe."

Abin da ya yi mini bayani, na kuma bi na karanta daga baya, shi ne asbesto ba haɗin masana'anta ba ne, ma'adini ne da ake haƙowa daga dutse, yana fitowa zare-zare. A fallen rufi irin namu ana cakuɗa shi da siminti, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, don ya riƙe simintin kar ya tsage. Muddin fallen na nan lafiya, zaren na ɗaure a ciki. Ranar da aka fasa shi, ko aka huda, ko aka goge, ko aka sa masa injin yanka, zaren ya kuɓuta. Ya fi gashin kai sirantaka ninkin ba ninkin, ido ba ya ganinsa, ba shi da wari, ba ya sa tari nan take, kuma yana iya yin sa'o'i yana shawagi a ɗaki bayan ƙurar da ake gani ta kwanta. In ya shige can ƙasan huhu, jiki ba ya iya narkar da shi. Yana nan zaune yana yi wa wurin rauni, raunin na zama tabo, har huhu ya ƙanƙance numfashi ya gagara. Yana kawo kansar huhu, da ta maƙogwaro, da ta ƙwan mace, da wata da ake kira mesoteliyoma mai kama tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda kusan duk wanda ta kama in an bi tarihinsa za a tarar ya yi mu'amala da asbesto. Mai shan taba kuwa haɗarin kansar huhun ninkuwa yake yi masa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jinkirin. Cutar ba ta bayyana sai bayan shekara 20, 30, har 40. Yaron da ya fasa rufi yana ɗan ashirin, sai ya yi furfura numfashi zai fara yi masa gardama, a lokacin wa zai tuna da wani kicin a Runjin Sambo? Za a ce asma ce, ko tarin fuka, ko tsufa, ko sammu.

Inna dai ba ta ga abin tashin hankali ba. "Kai ɗan nan, ruwan indararon ga munka sha, da shi munka raine ku, mi yas same ku?" Tambayarta na kan hanya, kuma Injiniya bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce mata, Inna, haɗarin a shaƙa yake, ba a sha ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta samu tabbatacciyar hujjar cewa shan sa a ruwa na cutarwa ba. Kwana a ƙarƙashin lafiyayyen silin kuma ba shi ne abin tsoro ba. Ranar fashewa ita ce matsala, kuma wanda ke riƙe da gudumar shi ya fi kowa shiga uku, sai matar da za ta kakkaɓe masa riga ta wanke. Jin zancen matar ne ya sa Inna ta gyara zama, ta ce to a yi yadda ya ce.

Na ɗauka daga nan sai saukewa, ashe sai an yi gwaji. Dalili kuwa, wasu masu yin fallayen sun daɗe da komawa wani zare daban marar wannan illa, fallen kuma kamanninsa ɗaya da na da. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai sani ba. Gidanmu ma an taɓa canja silin falo bayan rasuwar Baba, ba wanda zai iya rantsuwa a kan irin wanda aka sa.

Ɗibar samfurin na tsaya na kalla daga bakin ƙofa. Injiniya ya kashe fanka, ya rufe tagogi, ya shimfiɗa leda a ƙasa daidai inda zai taɓa. Ya zuba ruwa da ɗan garin sabulu a kwalbar feshi, don ruwan sabulu ya fi kama jikin siminti, ya fesa a kusurwar fallen har ya jiƙe sharkaf. Ya naɗe bakin filaya da jiƙaƙƙen tsumma, ya kama gefen da ya riga ya tsage, ya ɓallo ɗan guntu da bai wuce murfin kwalbar lemo ba. Ya jefa shi a ƙaramar leda mai zif, ya sa ledar a cikin wata, ya rubuta "rufin kicin" a jiki. Inda ya ɓalla ya shafe shi da fenti. Tsumman da ledar ƙasa ya naɗe su tare ya ɗaure. Haka ya yi wa silin ɗakin baya, da na ɗakin Inna, da na falo, kowanne da ledarsa da sunansa, yana goge filayar tsakanin kowane biyu. Muka aika Legas, wani ɗakin gwaje-gwaje da ya sani, inda ake duba zaren a ƙarƙashin madubin likita na musamman da ke bambanta shi ta yadda haske ke ratsa shi. Kuɗin gwajin duka bai kai na bandir ɗin kwano ɗaya ba.

Kafin sakamako ya zo muka lulluɓe kicin da tamfol, aka koma girki a tsakar gida. Da takardar ta iso ta waya, rufin kicin da silin ɗakin baya da na ɗakin Inna duk akwai farin asbesto a ciki, wanda dama shi ne aka fi amfani da shi a duniya, na falo kuwa babu ko kaɗan. A cikin ire-iren asbesto akwai shuɗi da ruwan ƙasa da suka fi farin mugunta, amma farin ma ba abin wasa ba ne, duka ukun an tabbatar suna kawo kansa.

A nan muka yi muhawara a gida. Ƙannena mata, da suka ji kalmar kansa, suka ce a tuge komai har na ɗakin Inna, kowa ya kawo abin da yake da shi. Injiniya ya ƙi. Ya ce silin ɗakin Inna ba tsaga, ba jiƙa, fentinsa na nan. Tuge shi zai tayar da ƙurar da ba za ta taɓa tashi ba in an bar shi. A sake masa fenti da burushi mai laushi ba tare da an kankare ba, kar a huda shi don rataya fanka ko jan waya, a riƙa dubawa bayan kowace damina. Abin da ya fashe da abin da ya jiƙe ya ruɓe, su za a sauke. Ni na bi bayansa, har yanzu kuma ina ganin shawarar da ta fi kowace amfani a aikin ke nan. Ba ƙaramin kuɗi ta rage mana ba, kuma ta rage yawan fallayen da hannun ɗan Adam zai taɓa.

Samun masu aiki ya fi gwajin wuya. Kafintanmu ya saurari sharuɗɗan, ya yi murmushi irin na manya. "Ranka shi daɗe, shekara talatin muna aikinai, ban ga wanda yak kashe ba. In an gama a saya ma yara madarar gwangwani su sha, ta wanke ƙurar." Wannan zancen madara duk wani lebura a garin nan ya yarda da shi, mai ɗaukar siminti da mai fenti da mai fasa dutse. Madara ciki take zuwa, ƙura huhu take zuwa, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Na ce masa, Baba, Birtaniya ta hana asbesto gaba ɗaya tun 1999, amma har yau kusan mutum 5,000 yake kashe musu duk shekara, da yawansu kafintoci ne da masu aikin famfo da na lantarki da suka shaƙa tun suna samari. Su suna da asibitin da ke bin sawun cutar ya rubuta sunanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 200,000 ke mutuwa a shekara ta dalilin shaƙarsa a wurin aiki. Tarayyar Turai ta hana a 2005, Afirka ta Kudu da ta yi zamani tana haƙarsa ta hana a 2008, Kanada a 2018, Amurka ta hana farin a 2024. Ya ce to ai waɗannan Turawa ne, huhunsu ba irin namu ba ne. A gaskiya ba lissafina ne ya shawo kansa ba. Kuɗin aikin da muka ninka ne, da sharaɗin cewa za a biya da yini, ba da kwangila ba, don kar kowa ya ga ribar gaggawa.

Takunkumi ma sai da aka yi daru. Yaran suka zo da irin shuɗin nan na zamanin korona, ɗaya kuma ya ce zai naɗe hanci da rawani. Ba ɗaya da ke tare wannan zare. Injiniya ya sayo na roba mai matata biyu a gefe, mai lambar P3, daga Kano. Irin wannan sai ya manne da fata kafin ya yi aiki, gemu kuwa yana buɗe masa kafa. Biyu daga cikin yaran masu gemu ne, kuma ba ni ne zan ce wa mutum ya aske sunna don rufin kicin ba. Sai aka raba aiki: masu gemu suka tsaya a waje, ta ɓangaren da iska ke busowa, suna kula da ruwa da tsare ƙofa, marasa gemu suka shiga ciki. Kafin kowa ya shiga sai ya toshe matatun da tafin hannu ya ja numfashi. In takunkumin ya lotsa ya kama fuska, ya zauna, in iska ta shigo ta gefe, a sake ɗauri.

Muka kwashe Inna da yara zuwa gidan kawu a Mabera. Na bi maƙwabta gida-gida na roƙe su su rufe tagogin da ke kallonmu, su ɗebe shanya, su tsare yara. Aka fitar da duk abin da ke ɗakunan baya, aka shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, aka toshe ƙofar da ke shiga babban sashe da leda da salatif. Rigunan aiki irin na yarwa ne, masu hula, farare. A zafin Sakkwato mutum ba ya iya daɗewa a cikinsu, don haka daga sallar asuba ake farawa, hantsi na ɗagawa a tsaya. Ranar da aka tashi da iska kuma ba a taɓa komai.

Ruwa muka ci kamar me. 'Yan ga-ruwa biyu suka yi ta safara. Mun aro injin feshi na goyo irin na manoman fadama, aka wanke shi tas, aka cika da ruwan sabulu. Feshi ake so mai laushi, ba tiyo mai ƙarfi ba, don ƙarfin ruwa kansa na kankare fuskar tsohon falle. Matsalar ita ce kafin a gama kwance falle ɗaya rana ta busar da shi, sai mutum ɗaya aikinsa ke nan, feshi ba tsayawa.

Ba wanda ya taka rufin. Tsohon asbesto ba ya gargaɗi, ruftawa kawai yake yi da mutum, ga shi a jiƙe yana santsi. Daga ƙasa aka yi aikin, a kan dandamalin katako. Kowane falle ƙugiyoyin ƙarfe ne ke riƙe da shi a jikin katako, duk sun yi tsatsa sun ƙi kwantuwa. Nan ne hannun dattijon ya nuna kansa. Ya hana a girgiza, ya sa almakashin yanka rodi ya datse ƙugiyar ta ƙasa, ya tura guntun sama da yatsa a hankali, yaro na fesa ruwa a ramin. In ƙugiyoyin sun fita, mutum biyu su ɗaga fallen su zame shi, wasu biyu su karɓa a ƙasa, a kwantar da shi a kan leda ba jifa. Ɗaya ya tsage a hannunsu da ƙara ƙas, kowa ya tsaya cak, aka yi masa wanka da feshi, aka tsince gutsattsarin da hannu ɗaya bayan ɗaya. In fallaye sun ɗan taru, daidai abin da mutum huɗu za su iya ɗauka, a naɗe su da leda ninki biyu, a like, a rubuta da jan fenti: HAƊARI, ASBESTO, KAR A BUƊE.

Silin ya fi rufin ƙazanta. Da aka ɓamɓare siraran katakon aka sauko da fallen farko, abin da ke kwance a bayansa ya zubo: ƙurar hunturun shekara arba'in, kashin jemage, sheƙar tsuntsu, da garin da rufin sama ya yi ta zubarwa. Duk wannan a matsayin asbesto aka ɗauke shi. Tsintsiya ba ta shiga ɗakin ba ko sau ɗaya, abin da ya fi ba yaran mamaki ke nan. Da jiƙaƙƙen tsumma aka goge katako da bango da ƙasa, tsumman da ya yi datti ba a wankewa, leda ake jefa shi. Wurin fita kuma akwai tsari: a goge rigar da tsumma tana jiki, a tuɓe ta ana naɗe ta ciki ya koma waje, a sa a leda, a wanke takalmi, takunkumi shi ne na ƙarshen cirewa, sannan wanka a nan gidan kafin a tafi. Na ga wani yaro yana ƙoƙarin cusa farar rigar a buhunsa, wai za ta yi masa amfani a feshin gona. Sai da na saya masa sabuwa ya saki waccan.

Ban yi tsammanin inda aikin zai fi ba ni wahala shi ne bakin ƙofar gida ba. Tun ranar farko aka fara sallama. Maƙwabcinmu, abokin Baba, ya aiko a ajiye masa lafiyayyun ya yi wa awaki rumfa. Wani na so ya kewaye akurkin kaji. Mai shayin bakin titi ya ce a ba shi fasassun ya cike ramin da ruwa ke kwanciya a gaban tebur ɗinsa, wato inda babura za su yi ta niƙa su suna tayar wa masu shan shayi. 'Yan jari-bola kuwa har farashi suka yi mini. Hana dattijo abin da za ka je ka binne, a garin nan, ba ƙaramin abu ba ne. Da kaina na je na durƙusa na yi masa bayani. Ya saurara, ya ce, "Awo, ɗana, na jiya. Amma awakin nawa shekara nawa za su yi duniya?" Na ce ba awakin nake ji ba, Baba, jikokin da za su riƙa hawa rumfar nake ji, da wanda zai huda fallen ya ɗaure. Na kai masa tsohon kwanon da muka cire daga baranda. Ya karɓa, amma na ji labari a masallaci cewa boko ya yi mini yawa. Dole muka sa mai gadi ya riƙa kwana a kan ƙunsassun fallayen, don leda mai kauri ma kanta abin so ce.

Zubarwa kuma ba a kai shi bolar unguwa, ba a ƙona shi. Wuta ba ta cin zaren, simintin kawai take tarwatsawa ta watsa shi. Muka nemi duba-gari, ya zo ya ga kayan, ya nuna mana wuri a bayan gari, kan tudu, nesa da fadama da rijiyoyi. Aka haƙa rami mai zurfi, ya fi tsayin mutum. Direban tifa ya so ya ɗaga bodi ya juye kamar yashi, na ce a'a, da hannu aka ɗora, da hannu za a sauke. Muka jera ƙunshin a ƙasan ramin tare da ledojin tsumma da riguna da matatun takunkumi, aka mayar da ƙasa, aka bi da jar ƙasa aka daddaɓe. Na tsaya har aka gama, don na san in na juya baya rabin kayan zai riga ni dawowa gari.

Bayan an kammala na tambayi wani likitan ƙirji ko ya kamata a yi wa yaran hoto. Ya ce hoton yau ba zai nuna komai ba, kuma babu maganin da ke fitar da zaren in ya shiga. Aiki ɗaya da aka yi da kariya haɗarinsa kaɗan ne, wanda ya yi shekaru yana fasawa ba kariya shi ne abin dubawa. Shawararsa ga dattijon kafinta biyu ce: ya bar taba, kuma duk ranar da numfashi ya fara yi masa nauyi ko tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya gaya wa likita irin aikin da ya yi a rayuwarsa tun kafin a tambaye shi. Na isar da saƙon. Ya karɓi na biyun, na farkon ya ce sai a hankali. Takunkuman dai ya roƙa a bar masa, na sayo masa sababbin matatu na haɗa da su.

Kicin da ɗakunan baya yanzu dogon kwanon alminiyam ne da silin roba. Sun fi na da zafi, ba na musu, Inna ba ta fasa yi mini gorin hakan ba, ta kuma mayar da ƙailularta ɗakinta. Takardar sakamakon gwajin na buga ta, na haɗa da zanen gidan da na nuna ɗakunan da har yanzu silinsu asbesto ne, na sa a jakar takardun fili. Kwafi ɗaya na manna a cikin akwatin mita, inda duk mai gyaran wuta zai fara buɗewa kafin ya ɗauko abin huda silin.